Raakel Mai Auna Zafi da Kunci

Shekara talatin da ɗaya Raakel Hyttinen ta yi tana hura wutar gidan wankan tururi na unguwarmu a Tampere. Ba ta taɓa duba ma'aunin zafin da ke bango ba. Leƙa kai kawai take yi, ta ce saura itace biyu. Da gwiwoyinta suka gaji, sai ta koyi gyaran kwamfuta, ta kafa tebur a kicin ɗinta, tsakanin butar kofi da tagar da ke kallon tafki.

Wurinta na kai kwamfutar marigayiya matata, Vieno. Tsohuwar kwamfuta ce, farcen Vieno ya cinye haruffa huɗu a jikinta, kuma a kan waɗannan guraben nake ɗora yatsuna kowace safiya. Kwatsam ta fara gargaɗi wai ƙwaƙwalwarta ta kai digiri ɗari da biyar, sai ta kashe kanta. 'Yata Inkeri ta ce gobara za ta jawo mini, ranar Litinin za ta kai ta inda ake zubar da kayan lantarki.

"Me ka yi mata?" in ji Raakel.

"Baranda na fitar da ita, ta sha iska kan dusar ƙanƙara, yadda muke hucewa bayan tururi."

"Ka dai ɗaura mata tawul ko? Kai, tsohon nan! To, da ta shigo me ta ce?"

"Ɗari da biyar."

Raakel ta kunna ta, ta kwantar da kuncinta a jikinta, ta lumshe ido.

"Ƙarya take yi. Na san ɗari da biyar, sau biyu yana ƙone mini gira. Wannan ko man shanu ba za ta narkar ba."

Duk da haka ta kwance ta, ta share fankar da ke cikinta. Cikin ƙurar ta zaro dogon farin gashi guda ɗaya, ta ajiye mini a faranti. Da ta sake kunnawa, lambar tana nan inda take.

"Ka gani? Ba ta hawa, ba ta sauka. Manhajar da ke karanta ma'aunin ce ta ruɗe."

Ta sabunta manhajar, muka sha kofi biyu muna jira. Lambar ta dawo arba'in da uku.

Ranar Litinin Inkeri ta iso da jakar da za ta ɗauki kwamfutar a ciki, ta tarar da Raakel zaune a falona.

"Baba, har da ɗauko lauya?"

"Zo ki taɓa nan, 'yar nan," in ji Raakel.

Inkeri ta taɓa kwamfutar, ta ji ɗumi kaɗan. Sai yatsunta suka zame zuwa haruffan da suka goge, suka tsaya.

"Mama ke nan," ta ce. "Tana rubutu kamar mai faskare."

Ta naɗe jakar, ta tambaya ko akwai sauran kofi.