Kibod Uku da Ƙaramin Yatsan Mai Walda

Shekara talatin da ɗaya Tartsatsi ya yi yana walda a rumfa guda, a bakin titin da manyan motoci ke bi. Wutar da ke tashi a gabansa ce ta ja masa sunan, amma da murya aka fi saninsa. In ya ƙwala wa mai kawo ƙarfe kira daga tsallaken titi, muryarsa na danne ƙarar injin yanka. Bai iya yabon aikinsa ba, bai kuma yarda da mai yabon nasa ba. In ya gama haɗa ƙofa sai ya ɗauki babbar guduma ya maka wa mahaɗar sau uku a gaban mai kaya. In ta tsaya, ɗauki abinka. In ta buɗe, ya sake. Yana da wata ɗabi'a kuma: ba ya zubar da guntun ƙarfe. Ko tsawon ɗan yatsa ne sai ya jefa shi a tsohon duro, ya ce wata rana zai yi amfani.

Sai ciwo ya kama shi a maƙogwaro. Likitoci suka ce ko murya ko rai. Aka yi aiki, ya tashi da ɗan rami a wuya da yake rufewa da ƙyalle, da wata iska da ke fita in ya motsa leɓe, wadda ko matarsa sai ta kafa masa ido take gane nufinsa. Aka hana shi shaƙar hayaƙin walda. Ya bar wa abokin aikinsa rumfar, ya koma gida, ɗaki biyu a hawa na uku na wani tsohon bene, shi da matar da yake kira Tsohuwa tun tana 'yar shekara ashirin.

Tun daga nan safiya ta zama abin tsoronsa. Ƙarfe takwas na yi benen zai koma kango. Kowa ya fita nema, injin niƙa da ke ƙasa ya tashi, ba zai huta ba sai azahar. Daga shi sai Tsohuwa, ga hawan jini, ga jiri, ga taurin kan da ba ta yarda wani ya taɓa mata aikin gida. In ta faɗi fa? Wa zai kira, da wane bakin? Yakan zauna a bakin gado yana sauraron motsinta a kicin. In cokali ya yi shiru na minti ɗaya sai ya tashi ya leƙa.

"Ban mutu ba tukuna," takan ce ba tare da ta juyo ba. "Koma ka zauna."

'Yarsu guda ce a garin, Auta, tana aiki a kamfanin ɗinki. An hana su amsa kira a bakin keke, amma waya na cikin aljihun rigar aikinta, in ta yi motsi tana iya satar kallon saƙo. Mijinta direban tasi ne. Ita ta sayo wa uban waya mai shafawa, ta ce daga yau ita ce bakinsa.

A nan aka gano wata sabuwa. Shekara talatin na zafi sun mayar da kan yatsunsa kamar fatar ganga. Ya danna, ya danna, gilashin bai san an taɓa shi ba. Yatsa ɗaya kawai wayar ta sani, ƙaramin na hannun hagu, wanda bai taɓa kusantar wuta ba. Ga shi kibod ɗin da wayar ta zo da shi, wato allon haruffan da ke fitowa daga ƙasa, kowane harafi bai fi ƙwayar shinkafa ba. Ya nufi ɗaya, ya danna uku.

Ranar hutu Auta da mijinta suka zo, kowa da nasa maganin.

"Baba, ga na zamani," in ji Auta, tana sauke masa wata manhaja. "Kana taɓa harafi biyu zai kawo maka kalmar. Ga launi, ga furanni, har hoton Mama za ka iya sawa a bayansa."

"Ƙyale ta, Baba, wannan na 'yan kwalliya ne," in ji Direba. "Ga nawa. Ba ka ɗaga yatsa, ja kawai za ka yi a kan haruffan. Ina tsaye a danja nake tura saƙo uku kafin ta ba da hannu."

"Shi ya sa ka daki bayan mai lemo."

"Shi ya yo baya!"

"A kan tebur yake, tebur ne ya yo baya?"

Tsohuwa ta ajiye musu ruwa ta ce, "Mutum ya shekara talatin yana cika mini kunne, Allah ya kawo mini hutu, ku kuma kun zo kuna nema masa sabon baki." Ta faɗa tana dariya, amma ba ta kalle shi ba.

Kibod na ukun a wurin mai gyaran waya da ke bakin layi ya samo shi. Mutumin ya duba yatsunsa, ya girgiza kai, ya sa masa wani baƙi da fari, haruffa manya-manya har sun cinye fiye da rabin fuskar wayar. Ba ya kawo maka kalma, ba ya gyara maka komai. Sai wani layi a sama da za ka iya ajiye saƙon da ka riga ka rubuta, ka taɓa sau ɗaya ya fito. "Na tsofaffi ne, Baba," in ji shi. "Ba mai sonsa."

Tartsatsi ya raɗa musu suna a ransa. Na Auta 'Yar Gayu, na suruki Maciji, na mai gyara Bulo. Kowa ya gama cika baki a kan nasa. Shi kuma ya san hanya ɗaya ce ta sanin gaskiyar mahaɗa: guduma. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Sati biyu ya yi yana gwaji. Kullum ƙarfe goma sai ya zauna gaban agogon bango ya rubuta magana guda, yana duba tsinken daƙiƙa. Da busasshen hannu. Da jiƙaƙƙen hannu. Da hannu mai maiƙo. Ba tabarau. A tsaye, bayan ya hau matakalar bene da gudu har hannu na rawa. 'Yar Gayu ta fi kowa sauri in hankali a kwance yake, amma haka kawai sai talla ta faɗo ta rufe haruffan, da wata 'yar alamar rufewa a kusurwa wadda sai ɗan yatsan jariri. Maciji na son hannu mai natsuwa. Da hannun ya ɗan yi rawa sai ya zubo kalmomin da ba wanda ya aike shi. Bulo mummuna ne, ga nawa, amma abin da ya yi da busasshen hannu shi ya yi da jiƙaƙƙe. Ya zaɓi Bulo. A layin saman ya ajiye: ZO GIDA YANZU DA MOTA. MAMA CE.

Mai gyara ya ce to a goge sauran biyun. Tartsatsi ya girgiza kai. Abu yana aiki a zubar? Wata rana zai yi amfani.

Wata Talata da yamma Auta ta biyo daga aiki, wayarta ta mutu, ta ari tasa don ta ce mijinta ya zo ya ɗauke ta. Ta ga Bulo, ta ja tsaki, ta juya zuwa 'Yar Gayu, ta rubuta, ta mayar masa da wayar aljihu. Bai sani ba. Ita ma ba ta ƙara tunawa ba.

Washegari ƙarfe tara da rabi, saura rabin awa ya yi gwajinsa, ya ji kujera ta kife a falo, gilashi ya tarwatse, sannan shiru.

Tsohuwa ta hau 'yar kujera ne tana goge gilasan taga, jiri ya ɗebe ta. Tana kwance a daɓe, idanu a rufe, gilashi ya tsaga mata hannu daga gwiwa zuwa kusa da wuyan hannu. Jinin ba zuba yake ba, tsartuwa yake, yana tsayawa, yana sake tsartuwa. Ya buɗe baki ya kira ta da dukan ƙarfinsa. Ƙyallen wuyansa ne kawai ya motsa.

Ya durƙusa ya fizge ɗankwalinta ya danna a kan ciwon da hannun dama. Ya gwada ɗaurewa da haƙori, yana sassautawa jinin ya ɓullo ta tsakanin yatsunsa. Ya mayar da nauyinsa duka a kai. Wannan hannun ya tafi ke nan, ba zai sake ɗaga shi ba. Ya miƙa ƙafa ya dinga dukan bokitin ƙarfen da take wanki da shi. Injin niƙa na ta ruri a ƙasa. Ko bango ya rushe ba mai ji.

Ya zaro wayar da hagu ya kwantar da ita a daɓe. Ya buɗe wurin Auta. Ya taɓa wurin rubutu, yana jiran baƙaƙen haruffansa.

Furanni suka fito.

Ya tsaya yana kallonsu kamar wanda ya buɗe ƙofar gidansa ya tarar da baƙuwar fuska. Babu layin sama, babu saƙonsa. Ya fara laluben haruffan, ya sami biyu, sai talla ta faɗo, wata mata tana juya takalmi. Ya nufi alamar rufewa, ya kuskure, wayar ta tafi da shi kantin takalma. Ƙarƙashin tafin hannunsa na dama yana jin bugun jinin, kuma ya san ya fi na ɗazu rauni. Leɓɓanta sun fara yin toka-toka.

Ya dawo baya. Akwai wani ɗan maɓalli a ƙasa mai canza kibod. Da Bulo kaɗai ya bari, da babu ma abin canzawa. Ya taɓa. Maciji ya fito. Jini ya ɗigo daga haɓarsa, ko gumi, bai sani ba, ya gangara a kan gilashin, Maciji ya bi shi yana zubo kalmomi layi-layi. Ya goga fuskar wayar a cinyarsa. Ya sa ƙaramin yatsan a baki ya tsotse, ya share a gemu. Ya riƙe numfashi kamar yadda yake yi in zai ɗora wuta a kan siririn ƙarfe, ya sauke yatsan a hankali.

Bulo. Ya danne maɓallin gogewa, mai faɗin akwatin ashana, har shirmen ya tafi. Ya taɓa layin sama. Ya tura.

Auta ba ta buɗe ba. Tana bakin keke, ɗaki cike da ƙara. Ya sake taɓawa, ya sake turawa. Ya sake. Yana so aljihun nan ya yi ta girgiza har ta kasa haƙuri. A na bakwai alamar ta nuna an karanta. Amsa ta zo: "Ga mu nan Baba."

Daga nan ba abin da ya rage sai riƙo. Hannun ya sandare, kafaɗa ta ɗauki wuta, gwiwoyinsa na kan fasassun gilasai bai ji ba. Ya sunkuya kusa da kunnenta yana ta motsa baki. Abin da ya gaya mata a wannan minti ashirin ɗin ba wanda ya ji, har ita.

Direba ne ya fara banko ƙofa, mai niƙa na bayansa fari fat da gari. Suka ɗauke ta su biyu, shi yana biye a sunkuye, hannunsa bai bar wurin ba, hawa uku har cikin mota. A asibiti sai da nas ta ce, "Baba, saki, mun riƙe," sau uku, sannan ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, don sun ƙi buɗuwa da kansu.

An yi ɗinki, an ƙara mata jini. Da la'asar ta buɗe ido, ta dube shi, ta dubi rigarsa.

"Dubi yadda ka yi da rigar nan," ta ce da ƙyar. "Wa zai wanke?"

Auta ta karɓi wayar don ta goge mata jinin da ya bushe, sai ta ga inda ya yi ta fama, ta tuna jiya. Ta zauna a ƙasa a gefen gadon ta sa kuka. "Ni ce, Baba. Ni na canza. Da na kashe ta."

Ya karɓi wayar. Ya daɗe yana rubutu, harafi ɗaya bayan ɗaya, sannan ya juya mata: BA KE BA CE. AN CE IN ZUBAR NA ƘI.

A nan gabanta ya danne 'Yar Gayu ya goge. Ya danne Maciji ya goge. Direba na tsaye yana kallon hannun surukinsa.

Tsoron bai tafi ba, kuma bai yi kamar ya tafi ba. Yanzu gwajin ya koma ƙarfe takwas, da zarar injin niƙa ya tashi, da hannu ɗaya, wayar a ƙasa, ɗayan hannun a danne a kan matashi. Ba ya ba kowa aron wayar, ko Auta. 'Yar kujerar kuma ya ɗora ta a saman kabad inda Tsohuwa ba ta kaiwa, kuma kullum sai ta yi masa mita a kai.

"Gilasan sama duk ƙura," takan ce. "Ka sauko mini da ita, ko ka goge da kanka."

Shi yake gogewa. Bai iya ba, yana barin zane, tana tsaye a ƙasa tana nuna masa inda ya tsallake.