Sadakar Babana a Bakin Ruwan Dubai

Ko na manta sunayen jikokina, ba na jin zan manta yammacin da na zauna da wata tsohuwar Baturiya a bakin ruwan Dubai.

Ciwon gwiwa ne ya kai ni garin. 'Yata mai saro kaya ta tafi da ni a duba ni, muka sauka a wani ɗaki a unguwar Naif. Kullum da safe sai ta ɗauki jaka ta ce, "Inna, ɗan jira kaɗan, zan leƙa wajen masu kago, masu aika mana kaya gida, in dawo." Ba ta dawowa sai magariba. Ni da bango, ni da ƙugin na'urar sanyi. Gari cike da mutane, amma babu mai ce maka ina kwana. Da zaman ya ishe ni, sai na riƙa dogara sanda ina zuwa inda kwalekwale ke tsallakar da mutane zuwa Bur Dubai, in zauna in kalli ruwa.

Akwai abin da nake ɗauke da shi tun ina ciki. An tafi da babana yaƙin Bama kafin a haife ni. Abokinsa da ya dawo ya ce an zuba su a jirgi, aka sauke su cikin daji a bayan abokan gaba, kuma ganinsa na ƙarshe da shi a gaɓar wani kogi ne. Innata ta ce tunda babu wanda ya ga gawa, babu sadakar uku, babu ta arba'in. Duk wanda ya ce "Allah ya jiƙansa" a gidanmu, sai ta ce, "Ka ce Allah ya dawo da shi." Da wannan na tashi, da shi na yi aure, da shi na tsufa. Ta rasu, ta bar mini jiran. Ga furfura ta cika kaina, amma bakina bai taɓa roƙa wa ubana rahama ba.

Ran nan ina zaune, sai ga wata mata tana turo wata tsohuwar Baturiya a keken marasa lafiya. Ta dube ni ta ce, "Sannu da hutawa, Mma." Na ɗago da sauri kamar an kira ni daga gida. Ashe 'yar Zangon Kumasi ce, aikinta kula da Baturiyar.

Tsohuwar na riƙe da furanni. Ta miƙa hannu, ta sake su cikin ruwa.

Na ce, "Ke 'yar nan, kifi take ciyarwa da fure?"

Ta yi dariya. "A'a, Mma, na babanta ne. Duk shekara war haka sai ta nemi ruwa, ko a wace ƙasa take."

'Yar Zango ta faɗa mata tambayata. Baturiyar ta juyo, ta fara magana a hankali, 'yar Zango tana mayar mini. Babanta sojan laima ne. A babban yaƙin nan na duniya aka zubo su daga sama a wata ƙasa, can bayan abokan gaba, aka ce su kama gada su riƙe, 'yan'uwansu na tafe ta ƙasa. Suka kama bakin gadar, suka riƙe. Suka duba hanya, ba kowa. Abinci ya ƙare, suka duba hanya, ba kowa. Harsashi ya ƙare, ba kowa. Waɗanda suka saura aka tsallako da su kogi a ƙananan jirage. Babanta ba ya ciki.

Na ce, "Tambaye ta, an ga gawarsa?"

"Ta ce ba a gani ba."

"To, yaya aka yi ta haƙura ta ce ya mutu?"

Tsohuwar ta kalli kwalekwalen da ke tashi, direban na ta ihu, "Yalla, yalla!" Sannan ta ce ita ma uwarta ta yi shekaru tana ajiye masa faranti a kan tebur. Sai da ta girma ta je garin da gadar take, ta tarar da kaburbura jere, wasu babu suna, mutanen garin suna share su suna sa fure. Ta ce, "Sai na ji kunya. Baƙi suna kula da shi, mu muna can muna jiran ya buga ƙofa. An bar shi yana jira a gada sau ɗaya. Ban so mu ma mu bar shi ba."

Ni dai na san mamaci yana jiran addu'ar 'ya'yansa, kuma babana ni kaɗai ya haifa. Ashe duk tsawon nan da muke jiransa, shi ma yana can yana duba hanya.

'Yar Zango ta ce, "Mma, kuka kike?"

Na ce, "Iskar ruwa ce." Baturiyar ta kama hannuna, nata sanyi ƙalau. Ba mu sake haɗuwa ba.

Washegari Juma'a na tare 'yata a ƙofa. "Yau kago ya jira. Ki sayo mini dabino da gurasa."

"Na me, Inna?"

"Sadakar kakanki."

Ta tsaya da jaka a hannu. "Inna, ke da kika hana mu..."

"Na sani. Je ki."

Bayan an sauko daga masallaci na zauna a gefen titi a unguwar Al Sabkha, ina miƙa wa masu turin kaya, mutanen ƙasashen da ban san sunansu ba. Babu wanda ya san shi, babu mai jin Hausa. Na buɗe baki na ce, "Allah ya jiƙan babana." Wani dattijo mai jan gemu ya ɗaga hannu ya ce, "Amin."

Abin da na koya ke nan, 'ya'yana: wanda ya tafi bai dawo ba, kada ku tsaya ƙofa kuna jira har ku hana shi abin da yake jira daga gare ku.