Ledar Goshi da Na Ajiye a Hula

Da ana dawo da jiya, da ban sallami ƙanwata da ɗiyarta ba.

Shekarar sanƙarau ce, ma'aikatan lafiya suna yajin aiki. Kafin malamin asibitinmu na Affala ya tafi Tawa, ya bar mini wata baƙar leda mai tsawon yatsa. Ya ce akwai ruwa mai ƙyalli a cikinta, in ta taɓa goshi mai zazzaɓi sai ta koma kore. Ya gargaɗe ni kada ta sha rana. Ni kuwa a hula nake ajiye abu mai daraja, da ita nake yawo tsakar rana.

Kullum sai an kai wani makabarta. Ran nan ƙanwata ta shigo da yarinyar a goye.

"Yaya, duba mini ita, wuyanta ya ƙi lanƙwasuwa."

Na taɓa goshin yarinyar, tafin hannuna ya ji zafi kamar murhu. Na ɗora ledar, ta tsaya baƙa. Na sake ɗorawa, haka. Don ina tsoron ambaton cutar, na gaskata leda, na ƙaryata hannuna.

"Babu komai, ki kai ta gida."

Rana ta riga ta kashe ledar, ban sani ba. Sai bayan kwana biyu aka kai yarinyar Tawa. Ta rayu, amma ba ta ƙara jin magana ba. Har yau bakina take kallo in na gaishe ta.

Don Allah, in na'ura ta musa wa hannunku, ku garzaya asibiti. Kada ku yi yadda na yi.