Kurumcin Goggo Dije

Duk wanda ya san Goggo Dije a rugarmu ta Bukkuyum ya san kurumcinta. Jika ya yi mata Hausa, sai kunne ya toshe. Ya ce "kosam" da Fulatanci maimakon nono, nan take ta warke ta miƙo ƙwarya. Amma ku je kasuwar Gummi ku ji ta tana ciniki, Hausarta ta fi tawa kaifi.

Ba wanda ya tsira daga zarginta, har rediyo. Ta ce shi ke sace bakin yara, ta sa aka rataye shi a bishiya bayan garke, wai ya je ya yi wa shanu Kananci.

Ni ɗan ƙanenta ne, kuma na sha yawo. A Kanada na zauna da mutanen Ojibwe, wata ƙabila ta 'yan asalin ƙasar, na ga tsofaffinsu suna zuba harshensu a na'urar ɗaukar murya saboda jikokin da ba sa ji. Sai na tuna gida, domin waƙoƙin tatsa, waɗanda ake kiran kowace saniya da sunanta, Goggo kaɗai ta rage da su a danginmu. Na dawo da na'ura.

Ta jujjuya ta, ta shinshina, ta tambayi wa ya aiko ni. Na rantse ba kowa.

"Wanga abu, wa za shi ji shi?"

Na ce kowa da kowa.

"Har mijin ɗiyata Hajo?"

"Har shi."

"Awo. In yi waƙa gaban surukina? Ashe ba hankali ka tai nema Turai ba."

Sati guda ina lallashi. Ranar da ta ce in kunna, sai ta gyara murya ta jero sunayen waɗanda take zargi da satar zabinta. Nawa ne na farko.

Da ta rasu na ce shi ke nan, waƙoƙi sun bi ta. Safiyar addu'ar uku sai na jiyo murya a garke. Ramatu ce, ɗiyar Hajo, tana tatsa tana rerawa, har da ɗan tarin da Goggo kan yi a tsakiya. Ta ce tun ranar da na kawo na'ura Goggo ke koya mata, da sharaɗin kada in sani, don ba ta gama gano wanda ya aiko ni ba.

Allah Ya jiƙan Goggo, Ya haskaka makwancinta. Ya bar mana wannan murya a bakin 'ya'yan Ramatu, da tarin da komai.