Rigar Naɗin Baba

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba na jin zai iya kwashe ranar da mahaifina ya gwada rigar da na ɗinka masa.

Lokacin dawowata ke nan daga Zazzau bayan shekara bakwai ina karatu, na kuma koyo ɗinkin riga a can. Amma abin da ya fi kumbura mini kai shi ne ɗan hisabin da na lasa. Duk wanda ya tsaya saurarona sai na gaya masa kyau ba komai ba ne illa awo: in tsawo ya yi daidai da faɗi, tazara ta yi daidai da 'yar uwarta, dole ido ya so abin. Yanzu in na tuna yawan surutuna, kunya ce ke kama ni.

Garinmu yana gab da Maska, kuma a shekarar aka ce bayan kaka za a naɗa Baba sarkin noma. Mutum ne da bai taɓa mallakar riga mai aiki ba. Inna ta shekara uku tana kaɗa audugar gonarmu kafin zaren ya isa a kai wa masaƙi a yi masa riga, ita ke nan ɗaya tilo, in ta ɓaci babu wata. Shi ya sa ta ce a kai wa wani tsohon maɗinki na bakin kasuwa ya zana aikin. Na yi dariya, na ce mutumin da bai san ko alifi ba, da ido kawai yake ja? Ai ga ni.

Na shimfiɗa riga a tabarma, na yanke tsinkaye daidai yatsa da taƙi, na auna, na sake aunawa. Askokin nan biyu masu tsini da ake yi kan aljihu na tsayar da su cak, da'irar ƙirji kuwa da zare na kewaya ta. Wata biyu ina ɗinki. Wallahi a tabarma ta yi kyau, har maƙwabta suna leƙowa kallo.

Sai Baba ya sa.

Ashe shekarun da ya yi yana jan garma sun saukar masa da kafaɗar dama ƙasa da ta hagu. Wuyan rigar ya zame gefe, askokina suka kwanta, miƙaƙƙun layukan nan kuwa sai suka zama kamar yatsa mai nuna wa jama'a inda ya karkace. Inna ta juya ta shige madafa. Shi ko ya ce ta yi kyau, Allah ya yi mini albarka. Can na lura yana ɗaga kafaɗar a hankali, yana riƙe ta da ƙyar, don kada aikina ya ji kunya. Nan zuciyata ta karye. Saura kwana ashirin naɗi.

Washegari na haɗiye girman kai, na kai Baba da riga bakin kasuwa. Tsohon ya dube ni ta wutsiyar ido.

"Malam, hisabin ne ya ƙare?"

Na miƙa masa rigar. Bai ko taɓa rigar ba, ya ce Baba ya sa, ya taka zuwa gindin kuka ya dawo. Ya sa shi ya zauna, ya tashi, ya naɗe hannuwan rigar a kafaɗa kamar zai gaisa da mutane. Sau uku ana haka, shi yana zaune yana kallo kawai, bakinsa na motsi da goro. Daga nan ya ce in je in warware duka. Kwana huɗu na yi ina tsince aikin wata biyu da bakin allura, ina tsoron kada in huda saƙar Inna.

Da na dawo da ita, a jikin Baba tsohon ya zana, Baba na tsaye. Ya tsoma alƙalami a tawada ya ja, ba tsinke ba zare, hannun nan mai rawa in zai sha ruwa bai yi rawa ko sau ɗaya ba. Ban taɓa ganin aiki irin wannan ba. Amma hali na nan, ana tuɓewa na shimfiɗa a tabarma na hau awo. Aska ɗaya ta ɗara ɗaya da yatsa biyu, da'irar ta fi kama da ƙwai, wuyan kuma ya jirkice hagu.

Na ce wa tsohon, "Baba, wannan ai a karkace take."

Ya ce, "A tabarma, ƙwarai. To tabarmar za a naɗa?"

Tare muka ɗinke ta, shi ta sama ni ta ƙasa, muka gama ana gobe naɗi. Da Baba ya fito daga zaure, askokin nan suka miƙe sambal, da'irar ta cika zagaye, shi kansa ya tsaya ƙyam kamar saurayi, kafaɗarsa a sake yadda Allah ya bar masa ita. Mata suka ɗau guɗa. Inna na bayan danga tana share ido da bakin zane.

Na zauna wurin tsohon nan har ya rasu, na auna rigunansa ba iyaka ina neman ƙa'idar da yake ɓoyewa. Ban sami biyu masu awo ɗaya ba, kuma babu wadda ba ta yi wa mai ita kyau ba. Har yau ina awo, don yana hana hannu shirme. Sai dai na gane awo iyakarsa tufa, kyau kuwa sai ka tsaya ka dubi mutumin da za ka yi wa. Ni da na iya ƙirga zaren riga ɗaya bayan ɗaya, na kai shekara talatin ban taɓa duban kafaɗar da ta ciyar da ni ba.