Keken da Aka Tara wa Ɗinki a Tondibiya

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga bayan kasuwar Katako, ni da wani abokin aikina mutumin Tawa, kowa bisa kekensa. Ba shan iska ya fitar da ni ba, sunana zan je in wanke a Tondibiya.

Ga yadda aka yi. Gwamnati ta ce a rage ƙona mai, sai ma'aikatarmu ta ajiye motocin biro, wato na ofis, don tafiya mai nisa kawai, aka raba mana kekuna na zirga-zirgar cikin gari. Uwargidana ta buga wa ƴarmu da ke aure a Tondibiya waya, ta ce an karɓe motar Babanku, an ba shi keke. Kafin maganar ta zagaya gidan surukan, ta zama wai an sallame ni daga aiki, an ba ni keken ɗinki in rufa wa kaina asiri. Yarinya ta kira ni tana kuka, ko famfo ta je sai a yi mata jaje. Na yi mata bayani ta gane, amma mutanen gidan suka ce ɓoyewa muke yi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce sai sun gani da idonsu.

A Katako ƴan amalanke sun fara lodin katako, muka ratsa tsakaninsu, ni da babbar riga naɗe a kugu don kada sarƙa ta cinye ta. Wani gidan mai da muka wuce, motoci sun yi layi, direbobi na gyangyaɗi bisa sitiyari. Abokina ya kaɗa musu ƙararrawa don tsokana, wani mai taksi ya leƙo ya ce, "Alhaji, a yi hankali da tumbin nan!" Na ce masa tumbin dai ya riga shi tafiya.

Bayan unguwar Gudel ne hanya ta nuna mini shekaruna. Akwai wani hawa da ban taɓa sanin da shi ba sa'ad da nake cikin mota, gwiwoyina kuwa sun san shi yanzu. Na sauka na tura, ban ji kunya ba. Muka tsaya wajen wata Bazabarma muka ci fari masa mai zafi da shayi, mai araha har na yi mamaki. Daga nan sai gangara, ga lambuna kore shar a gefen kogin Isa, ga ƙamshin albasa da danyar ƙasa. Shekara da shekaru ina bin hanyar nan gilashi a rufe, ban taɓa jin ƙamshin ba.

Da hantsi muka shiga Tondibiya. Na sauke rigata, na gyara hula, na kaɗa ƙararrawa a ƙofar gidan. Surukar ƴata, dattijuwa mai kirki, ta fito rungume da atamfofi.

"Fofo, Alhaji, sannu da haƙuri," ta ce. "Ga ɗan aiki mun tara maka, a fara da na gida."

"Hajiya, na gode. Ga keken nan, sai dai bai iya ɗinki ba."

Ta dubi keken, ta dube ni, ta dubi atamfofin, ta saki salati. Gida ya kaure da dariya, har da masu jajen. Sai ga ƴata ta matso. Ta karɓi keken daga hannuna, ta tura shi cikin unguwa a hankali, ta bi ta gaban famfon nan tana kaɗa ƙararrawa. Ina kallonta hawaye suka cika mini ido, don murna.

Mun komo da la'asar, jiki a gajiye, zuciya fes, ko ɗigon mai ba mu ƙona ba. Na koyi cewa birnin da nake zaune ciki ban san shi ba sai da na taka shi da ƙarfina, kuma mutuncin da na zaci yana cikin mota ashe bai taɓa zama can ba. Atamfofin Hajiya kuwa na ɗauro su a bayan keken, na kai wa wani tela a Katako. Ranar Asabar zan mayar mata da su a ɗinke, bisa keken da ta tara wa aikin.