Ƙwaya Uku da Sahur

Bayan na ajiye aikin koyar da kimiyya a sakandare, sai aka nemi in riƙa zuwa wata makarantar 'yan mata a Dukawuya duk Asabar da hantsi, ina koya musu yadda magani yake aiki a jiki. 'Ya'yan cikin birni ne, yawancinsu ba a taɓa yin likita a gidajensu ba. Ba mu da kayan gwaji, da zoɓo nake yi. Sai in cika kwalba, in zubar da rabi, in ƙara ruwa, su ga jan yana dusashewa. Haka magani yake raguwa a jini, shi ya sa ake rarraba shan sa.

Wata Asabar cikin azumi, wata ɗaliba ta ɗaga hannu.

"Malam, wanda aka ce ya sha sau uku a rana, in ya haɗa duka da sahur fa?"

Na tambaye ta wa yake yin haka. Ta ce kakarta ce, mai hawan jini, kuma jiya jiri ya kayar da ita a bakin rijiya.

Bayan azahar muka tafi gidan. Tsohuwar ta fito soro da carbi a hannu, muka gaisa, sannan ta harari jikarta.

"Ke ce kika kai ƙarata? Tun ba a haifi ubanki ba nake azumi."

Yarinyar ta ce, "Da kin faɗa rijiyar nan, Iya, wa zai ƙara shan ruwanta?"

Tsohuwar ta juyo gare ni. "Malam, uku likita ya ce, ban tauye masa ko ɗaya ba. Ai ko salla, matafiyi haɗa ta yake yi."

Na ce, "Haka ne, Hajiya. Amma ba ya haɗa asuba da magariba."

Ta daɗe tana jan carbi. Daga baya ta yarda ta koma asibiti, amma da na ce zan ba ta takarda ta kai wa likita, sai ta ce ba za ta ɗauki takardar da ba ta san abin da ke cikinta ba. Na rubuta wa likitan bayani da boko, na juya bayan takardar na maimaita da ajami. Ta karanta har ƙarshe, ta ninke, ta ɗaure a bakin mayafi.

Ranar Litinin aka sauya mata da ƙwayar da ake sha sau ɗaya. Cikin ikon Allah ta kai azuminta har ranar salla, ba ta sake faɗuwa ba.